Allurar da Aka Yi wa Direba Ido Biyu

Maman Direba tana durƙushe a tsakiyar falo tana ninke 'yan riguna cikin jaka, ɗanta kuma yana zagaya ta da murfin tukunya a hannu, yana juya shi kamar sitiyari.

"Pi-pi! Mama, ki ba da hanya, ba ni da birki!"

Saboda wannan tuƙin ne kowa yake kiransa Direba. Tun da likitoci suka ce sankarar jini ce ke damunsa ya rame, gashin kansa ya zube, amma motarsa ba ta tsaya ba. Gobe za a yi masa allura a gadon baya, a zuba masa magani ta nan. An ce za a sa shi barci na ɗan lokaci don kada ya ji zafi, amma da sharaɗin kada ya ci komai da safe.

Inna, uwar mijinta, wadda ta zo taya su jinya, ta ajiye carbinta.

"Wai da gaske za ku bari a sumar da shi? Kai Auta, da kai nake!"

Abban Direba, bakanike ne, ya dawo daga gareji ke nan ko wanka bai yi ba. Ya sosa ƙeya.

"Inna, ai ba suma ba ce..."

"To mece ce? Yaro ba jini a jikinsa, a ɗirka masa abin da zai kwantar da ƙato? In bai farka ba fa? In ya farka ya zama ɗan ƙwaya fa? Maigidana namiji ne, zai daure."

Maman Direba ta ce a hankali, "Inna, likita ta yi mana bayani, ɗan kaɗan ne, kuma tana tsaye a kansa."

"'Yar nan, na haifi mijinki kafin a haifi likitar taki."

Ta dubi mijinta tana jiran ya ce wani abu. Mutumin da ya yi ta sintiri a ƙofar gidansu har takalminsa ya cinye kafin a ba shi ita, yau ya sunkuyar da kai yana cire baƙin mai daga farcensa.

Da safe, matarsa tana banɗaki, Abban Direba ya fito ya tarar da Inna ta zaunar da Direba a cinyarta, tana tsoma burodi cikin shayi mai madara tana ba shi. Suka haɗa ido da ita. Ta kafe shi da kallo, ya buɗe baki, ya rufe, ya fita wai zai duba taya.

A asibiti likitar barci ta durƙusa gaban yaron tana murmushi, sannan ta tambayi iyayen ko ya ci wani abu.

"Ko ruwa bai sha ba, dokta," in ji Maman Direba.

"Na sha shayi!" Direba ya ce da murna. "Inna ta ba ni. Abba ma ya gani."

Abban Direba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matarsa ta juyo ta kafe shi da ido, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Likitar ta miƙe. "Gara da ya faɗa. In aka sa yaro barci da abinci a cikinsa, yana iya yin amai ya shaƙe. Yau ba zan iya ba. Da rana ina tiyata, sai dai a ɗaga zuwa wata rana, ko da yake likitansa ba ya son maganin ya yi jinkiri. Ni dai shawarata a jira."

"Kun gani ko? Allah ne ya hana," in ji Inna.

Maman Direba ta kama hannun rigar mijinta. "Don Allah mu jira. Pilis."

Ya dubi matarsa, ya dubi uwarsa. Kunyar da ta kama shi ta sa yana son komai ya wuce a ranar, kada ya sake haɗa ido da likitar nan.

"A yi masa haka, ido biyu. Namiji ne."

"To," in ji matarsa, "kai za ka riƙe shi."

An shafa wa yaron man da ke kashe zafin fata, an yi masa 'yar allurar da ke sa wurin ya mutu, amma ba abin da ke kashe tsoro. Nas ta ce a kwantar da shi a gefe, a naɗe shi, gwiwa ta taɓo haɓa, kada ya motsa ko kaɗan. Hannuwan da suka saba kwance injin mota su suka danne ƙafafun Direba da wuyansa.

"Abba, ka sake ni! Abba, ban yi laifi ba! Sori, Abba, ba zan ƙara ba—Mama!"

Ihun ya ratsa ƙofa ya fita baranda. Maman Direba ta toshe kunnuwa ta jingina da bango, tana jin haushin kanta da ba ta tsaya kai da fata ba. Inna kuwa tana kan benci, carbin ya suɓuce daga hannunta, ba ta ma sunkuya ta ɗauka ba.

Daga ranar Direba ya daina zuwa wurin babansa. Da ya ji ƙarar ƙofa da yamma sai ya ruga bayan uwarsa. Abban ya sayo masa mota mai batir, ko kallonta bai yi ba. Ko nas ta zo auna zafin jiki kawai, sai ya fasa kuka har ya jiƙa wando.

Maman Direba ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara gida ba. Tana kai wa Inna ruwan alwala, tana ajiye wa mijinta abinci, tana gaishe shi, sai dai ba hira, ba dariya. Shi kuwa ya koma kwanan falo da kansa, ba wanda ya kore shi.

Wata safiya ya same ta tana shanya, ya tsaya a bayanta kamar baƙo.

"Maman Direba, ki zage ni mana. Wallahi shirun nan yana kashe ni."

"In zage ka in ce me? Kai ka ji abin da ya ce maka, ni ta bayan ƙofa na ji."

Ya durƙusa a wurin, ƙato da shi, ya fashe da kuka. "Na ga tana ba shi, na yi shiru. Na ji kunyar uwata, ban ji tausayin ɗana ba. Ki yafe mini."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ni mai sauƙi ce. Ɗanka ne mai wuya. Tashi, kada maƙwabta su gan ka."

Ashe Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana jin su. Ta kira surukarta ciki, ta kasa ɗaga ido.

"'Yar nan, mijinki yana da yaya mace. Tana ƙarama aka shiga da ita tiyata, aka ce barci za ta yi. Ina zaune a waje da 'yan kunnenta a hannuna, ba ta farka ba har yau. Shi ya sa. Amma ihun yaron nan ya hana ni sakat. Da hannuna na jawo masa."

Maman Direba ba ta taɓa jin labarin ba. Ta matso ta riƙe hannun tsohuwar. "Inna, ki zo mu je wurin likitar tare. Duk abin da ke ranki ki tambaye ta."

Suka je. Inna ta tambaya ba ɓoye-ɓoye, "Za ki rantse mini zai farka?"

"Rai na Allah ne, Inna, ba zan yi miki ƙarya in ce babu haɗari sam ba. Amma kaɗan ne ƙwarai. Ina auna maganin daidai nauyinsa, ga na'ura a yatsansa tana nuna mini numfashinsa da bugun zuciyarsa, kuma ba na matsawa daga kansa. Maganin ba ya mai da yaro ɗan ƙwaya. Yaron da ke da doguwar jinya a gaba, in ya tsani asibiti, da me za mu yi masa magani?"

Inna ta share hawaye da gefen mayafi. "A yi masa."

Ranar allura ta gaba, Direba yana ƙanƙame da uwarsa aka zuba maganin ta ɗan bututun da aka sa a jijiyar hannunsa. Likitar ta ce ya lissafa mata motocin da ya sani. Ya ambaci tifa, ya fara cewa tirela, sai idonsa ya lumshe. Inna ta tsaya a bakin ƙofa leɓɓanta na motsi, ɗanta a gefenta yana zufa. Ba a ji ko tari ba.

Da ya farka ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya yi hamma.

"Mama, yaushe za a yi allurar?"

"An gama, ɗan albarka."

"Kai! Ƙarya ne!"

Nas ta tuntsire da dariya, Inna ta yi sujada a kan simintin asibiti. Abban Direba yana can nesa da gadon, bai yarda ya matso ba. Bai samu kan ɗansa a ranar ba, sai da ya yi makonni yana zama a ƙasa kusa da shi ba ya taɓa shi, yana raka shi kowace allura. Wata rana suna fitowa daga asibiti yaron ya tsaya ya ɗaga hannuwa.

"Abba, ƙafata ta gaji. Goya ni."

Ya goya shi, yana tafe yana kuka, matarsa ta zaro hankici ta share masa fuska a gaban mutane, ba ta ji kunyar kowa ba. Bayan watanni likita ya ce jinin Direba ya yi kyau, saura a ci gaba da magani da bibiya.

Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma shirun da zai cuci yaro ba biyayya ba ne. Dauriya ba ta nufin a bar ƙaramin yaro da zafin da Allah ya saukar da maganinsa. Ita kuwa Maman Direba, da ta rama da baƙar magana da gidan ya watse. Haƙurinta ne ya dawo mata da miji, ya mai da suruka uwa.