Bututun da Ya Kashe Sandu Bălan

Da hantsin ranar Talata aka tsinci gawar Sandu Bălan a gindin tanderun wani ƙaramin kamfanin gasa tayil a Turda. Hayaƙi mai guba ne ya kashe shi, alhali na'urar auna iskar tanderun tana nuna komai lafiya lau.

Sufeto Ilinca Moraru ta zare bututun na'urar, fari, bai fi tsawon yatsa ba, ta kai wa wata malamar jami'a a Cluj. Malamar ta ce da wata farar hoda mai suna zirkoniya ake yin sa, ana zuba mata ɗan sinadarin itiriya domin lantarki ya ratsa ta idan ta yi zafi. Da ta yanka shi ta auna, sai ta ga itiriyar ta cika, ƙwayoyin hodar kuma sun gasu daidai. Amma tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta akwai yashi da ya narke ya daskare kamar gilashi, ya toshe wa lantarki hanya, shi ya sa na'urar ba ta nuna haɗarin ba.

Mutum uku ke yin bututun a wani shago bayan tashar jirgi. Costel mai haɗa gari ya rantse bai rage itiriya ba, awon malamar ya gaskata shi. Viorica mai gasawa ma ta fita daga zargi, tunda wuta ba ta haifar da yashi. Saura tsoho Traian, mai niƙa da gwaji da buga hatimi, wanda kowa ke kira Nea Traian don girmamawa. Viorica ta ce tun rasuwar matarsa Lenuța yake zuwa shago ranar Lahadi shi kaɗai.

Ilinca ta buɗe littafin gwaji. Lambobin bututun Sandu sun yi daidai da na gashin da ya gabata, har ɗigo. Daga nan ta wuce maƙabarta. A jikin dutsen kabarin Lenuța akwai farantin tangaran mai hotonta, aikin hannu, gefensa da shatin babban yatsa.

Ta iske tsohon zaune kusa da injin niƙa.

"Nea Traian, gashi biyu ba sa taɓa ba da lamba ɗaya. Kwafa ka yi. Yashin kuma daga yumɓun tangaran ya fito. A injin nan ka niƙa shi?"

Bai musa ba. Ya ce ba ya son baƙon hannu ya yi wa Lenuța faranti. Ya wanke injin sau ɗaya da ruwa, gajiya ta hana shi ƙarawa. Ranar gwaji ya ga allurar ma'auni ta ƙi tashi, ya gane dalili nan take. Shekara arba'in bai taɓa ɓata gashi ba, kunya ta hana shi faɗa. Ya zaci in na'urar ta ƙi aiki za a dawo da ita, ya musanya a ɓoye.

"Ka san Sandu?"

"Ni na tsaya masa a matsayin uba a coci ranar aurensa, 'yata."

Ya miƙe ya cire rigar aiki, ya ninke ta a kan benci. Ilinca ba ta fito da ankwa ba. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Jiya matarsa ta kawo min hotonsa, wai in yi masa faranti irin na Lenuța. Yana cikin aljihun rigar can. Ki mayar mata, ki gaya mata da bakinki. Ni ba zan iya ba."