Tutar da Aka Rataye Kai Ƙasa

Ƙwallon besbol ce ta haɗa su. Mai duka ya kai mata sanda a karkace, ta tashi sama, ta tsallake raga, ta nufo kan 'yan kallo. Ƙarti suka sunkuya suna kare kawunansu. Oriana ta miƙe ta cafe ta da hannu ɗaya, ba safar hannu, gwiwar hannunta ta ture kofin lemon saurayin da ke bayanta, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Kai, sannu!" ta ce, tana dariya tana yarfe yatsunta.

"Ke za a yi wa sannu. Rigata za ta bushe, yatsunki kuwa sai sun kumbura."

Ta tsaya da dariyar. Wannan ba harshen garinsu Nettuno ba ne. Ta kalli aljihunsa, ga bakin hula ja da fari yana leƙowa.

"Ɗan Grosseto! Me ya kawo ka ɓangarenmu, makiyayin shanu?"

"Ɓata na yi, mai ƙarnin kifi. Amma kar ki nuna mini hanya tukuna."

Sunansa Duccio, gyaran babura yake yi. Yayansa Lapo ne jagoran 'Yan Gadu, magoya bayan ƙungiyar besbol ta garinsu. Ita kuwa 'yar Baba Ermanno ce, mai sayar da kifi a bakin tashar jiragen ruwa, shugaban 'Yan Gaɓa, waɗanda tun kafin a haifi su Duccio ba sa ga-maciji da 'Yan Gadu.

Ya ce a biya shi rigarsa da ƙwallon. Ta ba shi. Sai da ya shiga mota ya ga lambar wayarta a jiki.

Washegari ya rubuta mata: "Kifina, kumburin ya sauka?"

"Ya sauka, Gaduna. Ƙungiyarku ma na ga ta sauka a teburin gasa."

Haka suka ci bazarar. Duk Lahadi ya hau babur ya biyo hanyar bakin teku, ya ɓoye hularsa ƙarƙashin kujera tun kafin ya shigo gari. Su sha askirim a bayan tsohuwar ganuwa, su yi ta musu a kan masu jifan ƙwallo har rana ta faɗi.

"Ranar da muka haihu, wace hula yaron zai sa?" ya tambaye ta.

"Wa ya ce maka zan aure ka?"

"Idonki."

"To idona zai zaɓa wa yaron hula. Kore da shuɗi."

Ranar da ta gaya wa mahaifinta, yana feɗe kifi. Bai ko ɗago kai ba.

"Duk samarin garin nan sun ƙare? Ga Fausto nan, makaɗin gangarmu, kullum yana shara a ƙofar shagona kamar na ɗauke shi aiki."

"Baba, ba na son Fausto."

"Ni kuma ba na son gadu a teburina. Waɗannan mutanen ba su da amana, Oriana. Dariya za su yi da ke, su yi dariyarki."

Kaka Assunta, mahaifiyar marigayiya uwar Oriana, tana gefe tana ɓare tafarnuwa. Ta dubi surukinta ta wutsiyar ido.

Watan Agusta ya kama, kakar wasa ta ƙare, aka shiga wasannin fitar da zakara. Zagayen farko kuwa sai ya haɗa Nettuno da Grosseto.

'Yan Gaɓa suna da tuta. Mahaifiyar Oriana ce ta ɗinka ta da hannunta, daga tsohon ƙyallen da iska ke tura kwale-kwalen nata mahaifin da shi. Sau ɗaya ake wanke ta a shekara, jajiberin wasan farko na fitar da zakara. Matan gidan ne suke tsoma ta a ruwan teku, su shanya a kan kifaffen kwale-kwalen nan, bayan rumfar taruna. Ba a gaya wa baƙo wurin, domin kowa ya san doka: magoya bayan da aka ƙwace wa tuta sun mutu. Ba ganga, ba waƙa, ba suna, sai fa idan ɗan gida ne ya ƙwato ta da hannunsa.

Da safiyar nan Oriana ta tsaya jikin tutar, gashinta jiƙe, ta ɗauki kanta hoto, ta tura wa Duccio.

"Ga ni da Mamata. Ba wanda ya taɓa ganin wannan a wajen gidanmu. Kai kaɗai, Gaduna."

"Na riƙe amana, Kifina. Gobe za mu lallasa ku, jibi in zo lallashi."

Fausto aka bari gadi. Bayan abincin rana, lokacin da gari ke yin tsit kowa ya kishingiɗa, ya tafi shan kofi. Da ya dawo sai ya tarar da kwale-kwale tsirara.

Aka birkice gari da nema har yamma, ba labari. Washegari 'Yan Gaɓa suka shiga fili hannu rabbana. Baba Ermanno ya ce a buga ganga, wataƙila iska ce ta kwashe ta, za a gani.

Aka yi jifan farko. Sai ihu ya tashi daga ɓangaren baƙi.

Oriana ta waiga. 'Yan Gadu suna warware wani dogon ƙyalle a jikin ƙarfe. Ta gane ɗinkin tun kafin ta gane rubutun. Tutar mahaifiyarta ce, an rataye ta kai ƙasa, kamar akuyar da aka yanka. Lapo yana tsakiya yana toshe hanci, sauran suna rera, "Ƙarni! Ƙarni!"

A gefe ɗaya, hannunsa damƙe da bakin ƙyallen, ga Duccio.

Gangar Fausto ta yi shiru. Shi ne ya fara magana, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Wa ya san wurin shanyar? Ku tambayi mai saurayi a Grosseto!"

Baba Ermanno ya juyo a hankali. "Kin gaya masa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Oriana. Kin nuna masa?"

Ta gyaɗa kai.

Bai zage ta ba. Da ma ya zage ta, da ya fi sauƙi. Ya cire hularsa, ya ajiye a kan benci, ya sauka matakala. 'Yan Gaɓa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta goya ta tana jaririya ta wuce ta gabanta ba ko kallo.

Wayarta ta yi ta kuka a aljihu. Sai da ta isa gida ta duba, ga saƙonnin Duccio.

"Wallahi ban sani ba. Ƙoƙarin fizge ta nake yi, suka riƙe ni."

"Kifina, ki ɗauka."

"Ki ji ni ko sau ɗaya."

Ta rubuta: "Tambaya ɗaya. Ka nuna wa wani hoton?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Na nuna wa Lapo. Fuskarki nake nuna masa. Na ce masa ga wadda zan aura. Ya rungume ni, ya ce ya taya ni murna. Ashe rumfar da ke bayanki yake kallo."

"Na ce kai kaɗai. Kar ka ƙara kira na Kifina. Sunana Oriana."

Ta kashe wayar.

Makon nan ta san ɗacin gari. A kasuwa mata suka riƙa yin shiru idan ta iso. Wani ya rubuta "Grosseto" da alli a ƙofar shagon, mahaifinta ya wanke. A teburi sai ya miƙa mata burodi ba tare da ya dube ta ba. Fausto kuma ya zo da furanni.

"Ni na yafe miki," ya ce. "Ba kowa zai karɓe ki yanzu ba, amma ni zan rufa miki asiri."

Kaka Assunta ta leƙo daga kicin. "Kofin da ka sha ranar nan, Fausto, da sukari ne ko babu?"

Ya kwashi furanninsa ya fita.

Can Grosseto, Duccio ya sami yayansa a garejin da suke aiki tare.

"Na kawo maka farin cikina, ka mai da shi taswira."

"Yarinya ce fa, ƙanena. Akwai dubunta. Tutar 'Yan Gaɓa kuwa ɗaya ce, Babanmu ya mutu yana mafarkinta."

"Mahaifiyarta ce ta ɗinka. Ta rasu."

"To ranar Asabar za ta bi ta. Bayan wasa za mu cinna mata wuta."

Labarin ƙonawar ya iso Nettuno. Ranar Asabar Baba Ermanno ya rufe shago, ya ce zai je ya ga ɗinkin matarsa gani na ƙarshe. Kaka Assunta ta riga shi shiga mota. Oriana ta shiga baya, ba wanda ya ce ta fita.

A filin Grosseto su uku suka zauna a ɓangaren baƙi, ba hula, ba ganga. A ɗaya gefen fili tutar tana lilo kai ƙasa, Lapo yana ɗaga jarkar fetur yana nuna musu.

Wasa ya yi nisa, mai dukan Grosseto ya sheme ƙwallo ta tsallake katanga. Fili ya kaure, kowa ya ɗaga kai yana bin ta da kallo. Oriana kaɗai ce ba ta bi ƙwallon ba. Ta ga wani ya haye ƙarfe da wuƙar yankan waya, ya datse igiyoyin, ya tattare tutar a ƙirjinsa. Duccio ne.

Suka rufar masa. Ta ga hannuwa suna ɗagawa suna sauka. Ta ga Lapo da kansa ya kai masa naushi, ya tuɓe masa hula ya jefar. Ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

Ya ɓulle ta ƙarƙashinsu. Ya zagayo ta bayan raga yana ɗingishi, 'yan garinsu suna jifansa da robobin ruwa suna kiransa maci amana. Ya hawo matakala, ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe. Ya tsaya gaban Baba Ermanno, ya juya tutar kanta ya koma sama, sannan ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga kayanku. Laifina ne."

Baba Ermanno ya kalli ɗinkin. Sai ya mai da hannayensa baya.

"Ba zan karɓa ba. Ka san doka, yaro. Tutar da abokin gaba ya dawo da ita don tausayi, tsumma ce. Sai ɗan gida."

Duccio ya tsaya da ita a hannu. Baya ba wurin komawa, gaba an rufe.

Kaka Assunta ta dogara sandarta ta tashi.

"Ermanno, ranar da ka fara zuwa ƙofata neman 'yata, wace hula ce a aljihunka?"

"Mama, ba yanzu ba."

"Ta Anzio ce, maƙwabtanmu abokan gaba. Anzio! Mijina ya rantse sai ya jefa ka a teku. Wa ya mai da kai ɗan gida? Wadda ta ɗinka wannan. Doka ta ce ɗan gida, ba ta ce inda aka yanke masa cibiya ba." Ta juya. "Oriana, magana taki ce. Ke aka cuta."

Oriana ta dube shi. Hawaye suna zuba, amma muryarta ba ta yi laushi ba.

"Na ba ka abin da ban taɓa ba kowa ba."

"Na sani."

"Ban huce ba, Duccio. Ban san ranar da zan huce ba."

"Zan jira. Ba ni da wani wurin zuwa ma."

Ta kalli jinin da ke ɗiga daga leɓensa yana neman taɓa ƙyallen. Ta zaro hankicinta ta danne masa bakin.

"Kar ka ɓata wa Mamata ɗinki, Gadu kawai."

Sannan ta kama ɗaya bakin tutar. "Baba, ni 'yar gida ce, ko an kore ni? Hannuna yana kai. Nasa kuma, idan ka yarda, zai zama na gida."

Baba Ermanno ya dubi hannayensu biyu a kan tutar. Can ya saki hannayensa, ya shafa ƙyallen kamar mai shafa kan yaro.

"Ka iya feɗe kifi?"

"A'a, Baba."

"Za ka koya."

Nettuno ba ta kai ko'ina ba a shekarar, amma ganga ta dawo. Oriana ba ta sake kiransa Gaduna ba sai da sanyi ya shigo ya fita. Shi kuwa ya koyi feɗe kifi, ya yanke yatsa ba sau ɗaya ba.

Aka ɗaura aurensu a cocin bakin teku kafin sabuwar kaka ta fara. Tutar tana saman ƙofa, kanta a sama. Inda ta yage ranar kokawa, Kaka Assunta ta ɗinke da jan zare, launin Grosseto, ta ce wanda bai so ba ya zo ya same ta. Lapo ya zo tare da mahaifiyarsu, ya tsaya can baya, hularsa a aljihu. Bai matso ba, amma da aka fito ana watsa wa amarya da ango shinkafa, an ga hannunsa a ciki.

Baba Ermanno ya dafa kawunansu biyu.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu riƙe amana. Kai kuma, ɗana, ranar wasa kai za ka riƙe bakin tutar nan. Ba dole sai ka tafa mana ba."

"Idan Grosseto ta ci fa, Baba?"

Oriana ta matse masa hannu, yatsun nan da suka cafe ƙwallo.

"Sai ka yi murnarka a zuci, Gaduna," ta ce. "Ni kaɗai zan sani."