Ƙusar Alkasum

Ranar da Suwaiba ta fara ganin Alkasum, da ta bi ta zuciyarta, da ta juye masa nonon da ke kanta.

Kantinsa na maganin bisashe yana bakin kasuwar dabbobi ta Agadas. Ita kuwa cuku da nonon awakin mahaifiyarta take sayarwa. Tana wucewa ta hango bidon shuɗɗa jere a ƙofar kantin, masu kauri da murfi mai kyau, irin waɗanda maganin kaska ya ƙare a cikinsu. Duk garin nan an yarda babu abin zuba ruwa da ya kai su.

"Sannu da aiki, likita. Ba ni guda mana in riƙa zuba nono."

Ya ɗago ya dube ta, ya ɗan jima yana dubanta har ta sunkuyar da kai. Sannan bawan Allah ya ɗauko wata doguwar ƙusa da dutse, ya kifa bidon ɗin da ta nuna, ƙwas! Ya huda gindinsa.

"La ilaha! Wannan wace irin rowa ce? Kai ba ka amfana ba, ka hana mai amfana!"

"Ba rowa ba ce, ƴan mata. Dafin da ya shiga robar nan, ko da toka da sabulu aka wanke ba ya fita. Ba na so a ce daga hannuna kika sha shi."

Ta tafi tana mita. Washegari sai ga ta, wai ta dawo ta faɗa masa sauran maganar da ta manta jiya. Ta tarar ya ajiye mata sabuwar ƙwarya da faifai. Maganar da ta zo da ita, har yau ba wanda ya ji ta.

Daga nan fa hanyar kasuwa ta ƙara mata tsawo, kullum sai ta bi ta ƙofar kantin. Ta sa masa suna Mai Ƙusa, shi kuma yana ce mata Sanyina. In ta koma gida salularta ta yi ƙara:

"Sanyina, kin isa lafiya? Cukun da kika bar mini na kasa ci, kallonsa nake yi."

"Mai Ƙusa, ka ci abinka. In kuma rowar ce ta motsa, ka huda shi ma."

Sai dai son da Suwaiba ke yi masa, kasuwa ba ta yi masa ko rabinsa. Alkasum ya yi karatun likitan bisashe, ya dawo gida da ƙudurin gyara sana'ar, ita kuwa sana'ar ba ta ce tana neman gyara ba. Makiyayi zai zo ya ce a ba shi allura, sai ya ce sai ya ga dabbar tukuna. In ya yi wa akuya allura, ya ce a zubar da nononta na wasu kwanaki, kada kuma a yanka ta. Zubar da nono, a Agadas! Maganin da ya lalace ba ya jefa shi a ƙorama kamar yadda kowa ke yi, tarawa yake a ɗakin baya yana jiran ranar da za a zo a kwashe, ranar da har yanzu ba ta zo ba.

Can tsallaken hanya kuwa akwai Karim, da tabarmarsa da magungunansa shanye a rana. Shi ba ya tambayar kowa komai. Yana da wata allura da in ya yi wa ramammen rago, kafin ranar kasuwa ya kumbura ya yi sheƙi kamar ya shekara yana cin dusa. In ka saya da yawa ya ɗora maka bidon kyauta. To ina mutane za su je? Shi ma kuma Suwaiba yake so.

Mahaifinta, Malam Bahago, tsohon dillalin raguna ne a kasuwar nan, ya san wanda ke ciniki da wanda ke korar ƙuda. Da Alkasum ya je gaishe shi, bai ɓoye masa komai ba.

"Yaro, ba ni da abin faɗa a kan halinka. Amma hali ba ya cika tukunya. Ɗiyata ba zan tilasta mata kowa ba, ba kuma zan ba da ita ga yunwa ba. In kantinka ya kai Sallar Layya a buɗe, ka turo magabatanka. In ya rufe, kada ka ƙara tako mini gida."

"Na ji, Baba."

Ana cikin haka wata akuyarsu ta kwanta, Suwaiba ta kira shi. Yana shiga tsakar gida ya ga bidon shuɗɗa sababbi a gindin bango. Bai buƙaci a gaya masa daga inda suka fito ba. Ya duba akuyar, sai da zai fita ya ce:

"Ashe har kayan Karim sun fara shigowa."

"Mi kake nufi?"

"Abin da idona ya gani."

"Gidan ubana ne, Alkasum, ba nawa ba. In haka ka ɗauke ni, sai ka je."

Bai san cewa ranar da aka kawo su ta ɗauko ƙusa za ta huda ba, Malam Bahago ya daka mata tsawa, ya ce ba a wulaƙanta kyautar mutum. Iyakar abin da ta iya shi ne hana nono shiga cikinsu. Ta canza hanyar kasuwa. Shi kuma ya zauna a kanti yana kallon hanya, ga kishi ga nadama, ga babu ciniki. Da abin ya ishe shi ya rubuta:

"Pardon, Sanyina. Tsoro ne ya yi magana da bakina. Ina ganin ina rasa ki kullum kaɗan-kaɗan, ban san yadda zan yi ba."

Ta bar shi ya wuni yana duba salula kafin ta amsa: "Na yafe. Amma ni ma tsoron nake ji."

Layya ta matso, kasuwa ta cika da raguna. Masu raguna suka yi ta zuwa wurin Alkasum, don ko ba komai sun san hannunsa ya fi na Karim iya allura. Buƙatarsu ɗaya ce, a kumbura musu dabba. Mako guda na wannan aikin ya isa ya riƙe kantin har baɗi, kuma mai rumfar da yake haya ya riga ya yi masa magana ta ƙarshe a kan kuɗin haya. Suwaiba ta san duk wannan. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta rubuta abin da ba ta taɓa zaton za ta rubuta ba:

"Mai Ƙusa, don Allah, sau ɗaya tak. Ka yi musu. In ba ka yi ba Karim zai yi, ragunan dai sai sun sha allurar. Bayan aurenmu ka koma yadda kake. Ni ban kai rago ba a wurinka?"

Wallahi ya ɗauki saƙon nan ya karanta ya sake karantawa. Gaskiya ta faɗa, ƙinsa ba zai ceci rago ko ɗaya ba. Har ya miƙe, ya koma ya zauna.

"Sanyina, kin fi mini kantin da abin da ke cikinsa. Amma naman nan yara za su ci ranar Sallah, har da ƙannenki. In na yi sau ɗaya, wanda za ki aura ba ni ba ne, wani Karim ne mai irin fuskata. Ki yafe mini."

Kafin Sallah mai rumfa ya sa kwaɗo a ƙofa. Alkasum ya kwashe tarin lalataccen maganin nan a amalanke ya kai ɗakinsa, mutane na dariya, wai ga wanda ya yi gadon shara. Ya ɗaure akwatin aikinsa a bayan moto ya shiga bin garake da rugage ta wajen Tchirozérine. Gidan Malam Bahago kuwa bai ƙara takawa ba, don sharaɗi sharaɗi ne.

Bayan Sallah Malam Bahago ya tafi kasuwar In-Gall da ruwan shansa a bidon ɗin Karim, ɗaure a kan mota, rana na dafa shi. A hanyar dawowa ya fara amai da zufa, yawu na zuba, aka sauke shi a asibiti ba ya gane kowa. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannunsa na dama bai daina rawa ba.

Kada ku zaci garin ya ɗauki darasi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne na abokan dillanci. Tabarmar Karim ma sai da ta ƙara faɗi.

Tsohon ne da kansa ya aika a kira Alkasum.

"Ka kasa cika sharaɗina, yaro."

"Na kasa, Baba."

"Na tsufa a kasuwar nan. Kowa abin da nake so yake ba ni, ni ma abin da mutane ke so nake ba su. Ɗiyata ta nuna mini saƙon da ta aika maka da amsar da ka ba ta. Mutumin da ya iya ce mata a'a alhali yana mutuwar sonta, ba zai ba ta guba don a zauna lafiya ba. Yunwar kuwa, Allah ya sawwaƙe. Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure, ana shafa fatiha, Malam Bahago ya sa aka fito masa da bidon ɗin nan da ƙusa. Ya gwada saita ta, hannun ya ƙi tsayawa. Ango ya durƙusa ya riƙe masa ƙusar, tsohon ya buga. A bayan taro wani ya yi tsaki ya ce an yi asarar bidon mai kyau.

Aka kai amarya ɗaki ɗaya, rabinsa kayanta, rabinsa akwatin aiki. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya buɗa musu inda ba su zata ba, don mu dai mun duba ba mu hango ba.

Da safe suna buɗe kayan gudummawa, sai ga man gyaɗa daga Gwaggo Tabawa, cike fal a bidon shuɗi. Suka dubi juna.

"Mai Ƙusa, saura nawa irinsu a garin nan?"

"Ba za su ƙare ba, Sanyina. Mu za mu riga su ƙarewa."

Ta share idonta da bakin mayafi, ta ɗauki ƙusar.

"To, miƙo mini dutsen."