Jirgin da Malam Labaran Bai Hau Ba

Da hantsin Litinin Malam Labaran ya shigo ofishin 'yan sanda na Talata Mafara yana haki, da tsohuwar hularsa ta reluwe a ka. An sace masa fasfo, kuma ranar ce zai kama hanya.

Insifekta Dorcas ta ba shi kujera. Shekararta goma sha biyu a Mafara, ta san tsohon. Ya yi aikin jirgin ƙasa shekara talatin, har gobe in aka yabi jirgin sama a gabansa sai ya ja tsaki.

"Ina za ka, Baba?"

"Aljeriya. Ɗana Ishaq na kwance asibiti a Oran, ya hwaɗo daga bisa gini. Likita ya ce zuciyata ba ta ɗaukar jirgin sama."

Ya miƙa mata takardar da ya zana hanyarsa. Mota zuwa Agadas, wata ta ƙetare Sahara, sannan jirgin ƙasa daga Beshar har Oran.

"In dai na kai ga layin dogo, ɗiyata, na kai ga ɗana."

A gidan tsohon, Dorcas ta duba akwatin ƙarfen da ya ajiye fasfon. Ba a fasa kwaɗon ba, guzurinsa duk yana nan. Tsohon ya ce jiya bayan isha'i ya ga fasfon a ciki da idonsa. Umar, babban ɗansa, yana tsaye a bakin ƙofa.

"Yaushe rabonka da Ishaq?"

"Jiya mun yi waya, ranki shi daɗe. Shina samun sauƙi."

"Ka ba Baba sun gaisa?"

"Layi ya yanke."

Ta nufi tasha neman Sadi, direban da zai kai tsohon kan iyaka. Ta iske shi yana ɗaure buhunan albasa zuwa Bakura.

"Ba yau za ka kai Malam Labaran ba?"

"Na ji an yi mai sata, shi ya sa."

Ta tambayi masu lodi, suka ce tun jiya da la'asar aka cika motar. Sadi ya fara sosa ƙeya kamar mai neman amsa a cikin gashinsa.

"Jiya da la'asar fasfo na cikin akwati. Wa ya ce maka ba tafiya?"

"Umar. Wallahi iyakar sanina ke nan."

Ta koma gidan, wannan karon ta wuce cikin gida. Mata suna toya waina ana kai wa maƙwabta. Sadakar neman sa'ar tafiya ce, in ji su, amma ba mai kallon idonta.

Husna, matar Ishaq, tana zaune a ɗaki cikin zane mai duhu. Ba kwalli, ba turare, kunnuwanta fayau, ga hujin 'yan kunne bai daɗe da rabuwa da su ba. Yarinyar da ko kasuwa ba ta zuwa sai da kwalliya! Dorcas ta ga takaba sau ba adadi a garin nan. Sai ta gane wainar ta sadakar uku ce.

Ta kira Umar gefe guda.

"Yaushe ya rasu?"

Ya durƙushe a inda yake.

"Asabar. Can aka yi mai sutura. Likita ya ce mugun labari na iya kashe Baba. In na hwaɗa mai, na kashe shi da bakina. In na bari ya tahi, ko hanya ta cinye shi, ko ya iske kabari. Mi zan yi? Na ɗauki makulli shina masallaci, na sa fasfon cikin murhu."

Dorcas ta so ƙwarai a ce ɓarawo ne na gaske, wanda za ta kama da zuciya ɗaya. Amma an riga an rubuta ƙara, ƙona fasfo kuwa laifi ne. Ta ce ya tashi su je ofis. Ba ta sa masa ankwa ba.

Malam Labaran yana zaure lokacin da aka fito da Umar. Ya daɗe yana kallon ɗansa har aka sa shi a mota.

"Tsoron hanya shika yi min," ya ce. "Ku yi mai sassauci. Sabon fasfo kwana nawa ake yi?"



Tsohon ya ninke takardar hanyarsa, ya ɗaga murya. "Husna! Ki ƙara dambun naman mijinki, an ɗage tahiya, ba a hwasa ba."

Husna ta leƙo zauren, kuka ya ƙwace mata. Malam Labaran ya dubi zaninta, ya dubi kunnuwanta. Sannan a hankali ya cire hular reluwe ya ɗora a gwiwarsa.

"Yau kwana nawa da rasuwar?" ya tambaya.