Jan Gargaɗi a Kwamfutar Baba

A wancan lokacin shagon mai gyaran kwamfuta bai fi ɗakin ajiya ba, fanka ɗaya mai ƙara, wayoyi ko'ina. Nan Auta ta shiga rungume da kwamfutar babanta, tana mitar ta cika jan ƙafa. Saurayin ya ɗago zai yi tambaya, tambayar ta ɓace masa. Har yau tana dariya in ta tuna yadda ya dinga neman sukuddireba alhali tana hannunsa.

Gyaran yini guda ne, amma bawan Allah ya yi ta jan shi, kullum da ɗan abin da ya rage. Ita kuwa ba ta taɓa tambayar mene ne ba. Kafin kwamfuta ta koma gida ya zama Injiniyanta, ita Tauraruwarsa. Don neman shiga wajen suruki, ya ɗora sabuwar manhajar kariya daga bairos kyauta, bai gaya wa kowa ba.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Zamanin da yake doguwar tafiya, Mama kan naɗi magana a kaset ta aika masa. Bayan rasuwarta aka juye kaset ɗin cikin kwamfuta kafin su lalace, kuma wata tsohuwar manhajar sauraro ce kaɗai ke iya buɗe su. Kullum bayan shayin safe sai ya saurari ɗaya.

Wata safiya ya kunna, sai jan gargaɗi ya cika fuskar kwamfutar: an kama muguwar manhaja, an tsare ta. Muryar Mama ta ƙi buɗuwa. Ɗan Gwaggo mai sayar da wayoyi, wanda ya daɗe yana harin Auta, ya leƙa ya girgiza kai, ya ce ai yaron nan ne ya dasa abin leƙen asiri. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi kada ya sake ganin mai gyaran a ƙofar gidansa. Auta ma ta daina ɗaga wayar Injiniya.

Sai saƙo ya shigo:

"Tauraruwata, ban dasa komai ba. Mai gadin da na saka a kwamfutar ne ya ga tsohuwar manhajar sauraron, baƙuwar fuska, ya ɗauka ɓarawo ne. Bai goge ta ba, kulle ta ya yi. Ki shiga wajen tsarewa ki danna 'mayar'. Zai tsorata ki da ja, kada ki kula shi."

Ta amsa: "In kuma na danna komai ya tafi fa? Ita ke nan ta rage mana."

"Ba zan yi wasa da muryar Mama ba. Ki yarda da ni."

Ta kasa dannawa a ɓoye. Ta ɗauki kwamfutar ta durƙusa gaban Baba, ta karanta masa saƙon, ta tsallake "Tauraruwata". Ya dubi jan rubutun ya ce:

"Na'ura ta ce mugun abu ne, shi ya ce a'a. Ke wa kika gaskata?"

"Shi, Baba."

Ya gyara tabarau, ya danna da yatsansa. Kwamfuta ta sake tambaya ko ya tabbata, ya sake dannawa.

Aka ɗan ji shuu na tsohon kaset, sai ga Mama tana masa faɗa ya bar rigar sanyinsa a kan ƙofa, can bayanta jaririya na tsala kuka. Auta ta gane kukan wa ne, hawaye suka zubo mata. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya goge tabarau.

"Ki ce ya turo manyansa. Amma ki gaya masa, gobe in zai yi min alheri ya tambaye ni tukuna."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon ya ƙi saki, ya ce ita ce ƙaramar da ta rage masa, ya ba shi amana. Ya juyo ga Auta ya sa mata albarka sau biyu, ya ce ɗaya tasa ce, ɗaya ta uwarta.

Allah ya bar su tare, ya jiƙan Mama.