Waken da Ya Yi Shigar Saniya

Tun da aka kafa duniya, ba a taɓa cutar wani bawan Allah kamar yadda aka cuci Don Libardo mai aski ba. Haka yake faɗa. Kwana uku ke nan, duk wanda ya zauna a kujerar shagonsa sai ya ji labarin. Ba damar gudu, tunda an ɗaure wa mutum ƙyalle a wuya, ga kuma aska a hannun mai magana.

Ya ce an zubar masa da girma a cikin gidansa. Ya ce gashin bakinsa, wanda duk gari ke sha'awa, ya langaɓe don baƙin ciki. To wa ya yi masa wannan aika-aika? Ba ɓarawo ba ne, ba kuma gwamnati ba. Wake ne. Wake da 'yar cikinsa.

Ga yadda abin ya faru.

Don Libardo yana zaune da matarsa Nubia, da 'yarsu mai shekara tara, da surukarsa Doña Otilia. Yarinyar tana kiran kakarta Abuelita. Duk shekara, idan azumin kwana arba'in na kafin Ista ya zo, Doña Otilia ba ta cin nama. Sauran mutane ranar Juma'a kawai suke bari. Ita kuwa daga farko har ƙarshe, ko romo ba ta lasa.

Ranar Laraba, saura kwana huɗu Ista, Don Libardo ya tashi da cika baki. Ya ce yau shi zai yi abincin rana. Zai yi boga, wato faffaɗan dunƙulen naman nan da ake sakawa a tsakiyar burodi. Amma tasa ta wake ce zalla, don surukarsa ma ta ci. Ya ce daga nan har Bogota babu wanda ya taɓa ɗanɗana irinta.

"Kai da ruwan zafi ma ƙonawa kake yi?" in ji Nubia.

"Mace ba ta sanin darajar mijinta sai an ba shi lambar yabo," in ji shi.

Nubia ta tafi aikinta a kantin magani tana dariya. Doña Otilia ta tafi coci jera furanni. Makaranta na hutu, saboda haka gida ya rage daga uba sai 'ya.

Don Libardo ya ɗora wake a wuta. Sai ya tuna gashin bakinsa bai ga mataji ba tun safe. Ya je gaban madubi. Ya taje hagu, ya taje dama. Ya ga hagun ya fi kyau, ya koma wa dama. Daga nan ya kira abokinsa a waya don ya ba shi labarin girkin da yake yi.

Yarinyar ce ta fara jin ƙauri.

"Papi, wakenka ya zama gawayi."

"Ba ƙonewa ya yi ba, mija, 'yata," ya ce yana kore hayaƙi da tawul. "Dahuwa ce ta yi masa yawa."

Ya duba agogo. Saura awa ɗaya mutanen gida su dawo. Ya tura tukunyar ƙarƙashin bencin bayan gida, ya kama hannun 'yarsa, sai babban kanti.

A can, kusa da firiji, akwai kwalaye iri-iri na bogar da ba nama a cikinta. Wata mata tana soya 'yan gutsattsari, tana soka su a tsinke, tana miƙa wa masu wucewa su ɗanɗana. Don Libardo ya ce harshensa ya fi ƙarfin irin wannan aiki. Ya tura yarinyar.

Ta ci ta farko, ta yamutsa fuska. Ta ce kamar kwalin takalmi da ruwa ya jiƙa. Ta ci ta biyu, ta tauna, ta tauna, ta ce soson wanka ne aka barbaɗa wa gishiri. Da ta ci ta uku sai ta zaro ido. Ta lashe tsinken.

"Papi, wannan nama ce."

Matar ta yi murmushi, ta ce babu nama ko ƙwaya. Ta nuna musu rubutun da ke bayan kwalin. Don Libardo bai tsaya karantawa ba. Ya ɗauki kwali ɗaya, ya ɓoye a ƙarƙashin rigarsa sai da suka isa wurin biya, kada wani mai zuwa aski ya gani.

A hanya ya saya wa yarinyar askirim ɗin mangwaro, ƙato. Da ta sha rabi, sai ya kawo magana. Ya ce ba ƙarya za su yi ba, Allah ya kiyaye. Kawai dai kwalin nan zai ɓace. In kuma an tambaya, Papi ne ya yi da hannunsa. Ai da hannunsa zai soya, ko ba haka ba?

Yarinyar ta kalli askirim, ta kalli ubanta. Ta san maganar ta karkace. Amma askirim ɗin akwai daɗi, ga rana. Ta ce to. Da suka isa gida ta ninke kwalin, ta cusa shi cikin jakar makarantarta.

Aka zauna cin abinci. Don Libardo ya fito da faranti a sama da kansa, kamar mai ɗauke da kofin ƙwallo. Ƙamshi ya cika ɗaki. Nubia ta ci loma ɗaya, ta kalle shi ta gefen ido.

"Ci, sumercé, ranki ya daɗe," ya ce wa surukarsa cikin ladabi. "Sirrin gidanmu ne. Kakan kakana ya bar mana."

Doña Otilia ta ci. Ta gyaɗa kai, ta ƙara ci. Sai ta sa wuƙa ta raba bogar biyu. Wani jan ruwa ya gangaro a faranti.

Ta ajiye wuƙar a hankali.

"Libardo, shekara sittin ina dafa wake. Ban taɓa ganin wanda ya yi jini ba."

Ya ce nasa waken na musamman ne. Ta ce to ya sake yi a gabanta. Ya ce waken ya ƙare. Ta ce akwai rabin buhu a ɗakin girki. Ya ce sirrin ba ya yiwuwa in ana kallo.

Sai tsohuwar ta juya wajen jikarta.

"Ke dai ba kya yi mini ƙarya. Da idonki kika ga ya yi wannan?"

Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Na gani, Abuelita. Da hannunsa ya yi."

Shi ke nan, Doña Otilia ta gama lissafinta. In dai a ɗakin girkin nan aka yi, kuma da hannun Libardo, to nama ya sayo wurin mahauci ya cusa a ciki don a yabe shi. Ita kuma ta ci. Saura kwana huɗu kacal, alkawarinta ya karye.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Ta ture farantin, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta na ulu da sandarta. Ta ce za ta hau tudun bayan gari, har inda giciye yake, ta roƙi gafara.

Matakala ɗari uku ne a tudun nan. Gwiwoyin Doña Otilia kuwa, likita ya ce ko benen gida ta yi hankali da shi. Nubia ta yi roƙo har ta gaji. Tsohuwa ta ce ko da rarrafe ne sai ta hau.

Ta zauna a kujerar bakin ƙofa, ta kira jikarta ta ɗaure mata igiyar takalmi, don ba ta iya sunkuyawa. Yarinyar ta durƙusa. Ta kama igiyar.

"Abuelita, loma biyu ce fa kawai."

"Ba yawan lomar ba ne, 'yar nan. Kin san dalilin da ya sa ba na cin nama kwana arba'in?"

Ta girgiza kai.

"Kina da wata biyar kika kwanta asibiti. Ƙirjinki ne. Likitoci suka ce sai addu'a. Na yi wa Allah alkawari, in kin tashi, na bar nama duk azumi har ƙarshen raina. Kika tashi. Shekara tara ban saɓa ba sai yau."

Yarinyar ta tuna askirim ɗin mangwaron da aka saye ta da shi.

Ta ɗaga ido. Ga ubanta a ƙofar ɗakin girki, a bayan kakarta, yana yi mata alama. Ya ɗaga yatsu biyu, wato askirim biyu. Ya ga fuskarta ba ta sauya ba, ya ɗaga uku. A ganinsa tsohuwa za ta hau matakala goma ta gaji ta dawo, asiri ya rufu. Ya ɗaga yatsu biyar gaba ɗaya.

Yarinyar ta saki igiyar takalmin. Ta ruga ɗaki, ta dawo da kwalin a hannu, duk ya yamutse.

"Abuelita, ƙarya na yi miki. A kanti muka saya. Na Papi ya ƙone, yana ƙarƙashin benci. Ba ki ci nama ba."

Ta juya bayan kwalin ta fara karantawa da ƙarfi, kamar a aji. Garin koren wake. Man kwakwa. Albasa. Gishiri. Ruwan remolacha, jan tushen nan da Abuelita ke yankawa a salak. Shi ne jinin.

Doña Otilia ta sa tabarau. Ta karanta da kanta sau biyu, tana bi da yatsa. Ta dubi hoton saniyar da ke murmushi a gaban kwalin. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har sandarta ta faɗi.

"Ashe wake ne ya yi shigar saniya."

Nubia ta fita bayan gida, ta dawo da baƙar tukunya, ta dire ta a tsakiyar tebur. Ta ce ga sirrin kakan kaka, kowa ya zo ya gani. Don Libardo ya ce ana cin mutuncin magabata. Babu wanda ya saurare shi.

Tsohuwa ta jawo farantinta ta cinye sauran bogar. Ta ce ba laifi, an yi ƙoƙari. Gishiri ya yi yawa, kuma bayan an haɗiye tana barin wani ɗanɗano kamar hayaƙi. Ta ce ita dai ta fi son wake ya zo mata a wakensa, ba da kayan aro ba.

Sannan ta kira jikarta kusa. Dariyar ta tafi.

"Ban yarda da maganar ubanki ba, don na san shi. Da taki na yarda. Ita ce ta kusa kai ni kan tudu."

Yarinyar ta fashe da kuka, ta ce a yafe mata. Kakarta ta share mata hawaye da gefen mayafi, ta ce ta yafe, kuma ta gode da ta gyara da bakinta. Amma ta riga ta ce yau za a hau tudun nan, kuma magana ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ta kalli uba, ta kalli 'ya.

Haka suka kama hanya su biyu. Doña Otilia ta sa aka fito mata da kujera ƙofar gida, da kofin kofi, inda take hango tudun sosai.

A matakala ta hamsin Don Libardo ya ce laifin murhu ne, wutarsa ta cika gaggawa. A ta ɗari ya ce laifin madubi ne, wa ya ce a rataye shi kusa da ɗakin girki? A ta ɗari biyu yana haki, ya ce laifin masu kanti ne. Da sun yi bogarsu da rashin daɗi kamar sauran, da duk haka ba ta faru ba.

Yarinyar ta tsaya ta jira shi.

"Papi, ni na san nawa laifin. Na sayar da gaskiyata, kuma Abuelita ce ta kusa biya da gwiwoyinta. Ba zan ƙara yin ƙarya don wani ba, ko da kai ne."

Ya ci gaba da hawa, yana neman numfashi. Da suka kai sama ya zube a gindin giciye. Ya duba hagu, ya duba dama. Babu kowa sai iska da wata akuya.

"To, mija, na ji. Ni na cika baki. Ni na ƙona wake. Ni na sa ki ɓoye kwali. Duk ni ne, daga farko har ƙarshe. Amma maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

"Na daina riƙe irin wannan sirri, Papi."

Don Libardo ya yi ajiyar zuciya, ya murza gashin bakinsa.

"Haka ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuma matakala ɗari uku gare shi. Je ki faɗa musu ni ne. Amma ki ce na faɗa da murya mai daɗi."