Ruwan Anza a Gindin Tsamiya

Aljani ya sauka gidan Tasalla a Tsamaye, shekara ta biyu da ruwan sama ya ƙi zuwa. Shi kaɗai ne baƙon da ya yi zaton za a ciyar da shi a gidan.

Laifinta ne, in laifi ne. Anza suke ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an tafasa an zubar da ruwan sau da yawa. Da almuru, gari ya yi tsit, ko kazar yin kuka ba ta rage ba, Tasalla ta watsa tafasasshen ruwan a gindin tsamiya babu bisimilla. Sai dutse ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo. Ɗiyarta Hajo ta zube, ta tashi da muryar tsoho.

Kwana uku ana jifa. Tasalla ta tara duwatsun ta gyara murhu.

Aka ɗauko Malam Na'Allah daga Isa. Ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan muryar ta fito daga bakin Hajo, a hankali, kamar daga busasshiyar rijiya.

"An ƙona mani ɗa. Baƙar akuyar ga nika so, a yanka."

Akuyar nan kaɗai ta rage musu, nononta ke riƙe da ran Hajo.

Malam ya juyo wajen Tasalla. "Baiwar Allah, a ba shi, a huta."

"Malam, matsa." Tasalla ta durƙusa ta damƙi haɓar ɗiyarta. "Kai, ɗan banza! Shekara talatin kana cikin tsamiyata, ko guga ɗaya ka taɓa jawo muna? An rufe mijina kana kallo. Ɗanka ya ƙone? Nau biyu yunwa tac ci, wa yay yanka mani akuya?"

"To za ni zama cikinta har ta mutu."

"Zamna! Amma abin da cikin ga ka ci, shi za ka ci."

Ta jawo ƙwarya, ta danna masa anza mai tafasa ɗaya kacal. Bakin kuwa na ɗiyarta ne.

Ya tauna, ya haɗiye.

"Ko 'yar fura?" in ji muryar.

"Babu."

"Dusa fa?"

"Ta akuya ce."

Hajo ta yi atishawa uku, ta buɗe ido. "Inna, da ɗaci."

Malam ya ce karatunsa ne ya ci, babu wanda ya musa. Aljanin kuwa, masu sani sun ce ya yi kudu cin rani, kamar sauran mazan Tsamaye.